Biskit ɗin Kakan Nola

Shekara goma sha tara ke nan ina koyar da 'yan aji biyu a makarantar garinmu, a nan Ohio, kuma duk ƙarshen dogon hutu ina aika wa iyaye wasiƙa. A ciki nake jera abin da yaro zai zo da shi, fensir da gam da kwalin kala, sannan in yi bayanin abin taɓawa na ranar Juma'a. Al'adar ajina ce kowace Juma'a yaro ɗaya ya kawo wa sauran ɗan abin da za su ci da ƙarfe goma. Dokar makaranta a kan haka guda biyu ce. Kada a sa gyaɗa, kuma kada a kawo abin da aka yi a gida. Sai na kanti, a rufe cikin ledarsa, da rubutun kayan haɗinsa a jiki.

Bana sai na ga wasiƙar ta yi kama da sammacin kotu, na zauna na sake ta. Na sassauta harshe, na rage tsawo. Wajen ragewar ne maganar abin da aka yi a gida ta fita ban lura ba, ta gyaɗa kaɗai ta rage. Iyayen da suka saba da makarantar sun riga sun san dokar, don haka babu wanda ya tanka.

Nola Pruitt ce kaɗai baƙuwa a ajin. Shekararta bakwai, mahaifiyarta tana aiki a wata jiha mai nisa, ita kuma ta dawo hannun kakanta, Mista Orval, tsohon direban babbar mota da matarsa ta rasu. Da gangan na ba Nola Juma'ar farko, don yara su san sunanta ta hanyar abu mai daɗi.

Ranar ta shigo rungume da gwangwani mai faɗi, tana tafiya a hankali kamar ta ɗauko ruwa cike da kwano.

"Malama Voss, ni da Kaka muka yi," ta ce. "Sau uku muka yi. Na farko ya ƙone. Na biyu Kaka ya ce sai dai a cike ramin titi da shi."

Na buɗe. Biskit ne masu kauri, irin waɗanda ake zuba wa haɗin busassun 'ya'yan itace da tsaba, wanda masu hawan dutse ke cika aljihu da shi, kowane an naɗe shi daban a takarda. A cikin murfin an manna wata takarda da manyan haruffa: hatsin ots, zabibi, 'ya'yan kabewa, kwakwa, cakulan, man shanu, ƙwai. A ƙasa an rubuta BABU GYAƊA, an ja layi biyu. Mutumin ya karanta wasiƙata da kyau, ya bi duk abin da na ce.

Na dubi layin gaba, inda Desmond yake fiƙe fensir. Yaro ne da ko ƙurar gyaɗa ta shiga bakinsa maƙogwaronsa toshewa yake, bara sai da motar asibiti ta ɗauke shi daga filin wasa. Ban san a ina aka ƙulla cakulan ɗin ba, ban san ko an taɓa gasa abu mai gyaɗa a farantin ba. Ba zan iya raba biskit ɗin ba, wannan kam babu tantama. Abin da ya rage shi ne in durƙusa in gaya wa yarinyar cewa kuskurena ne.

Ban faɗa ba. Na ce, "Kai, sun yi kyau," na ɗora gwangwanin a kan kabad.

Da ƙarfe goma na fito da biskit ɗin gishiri da nake ajiyewa saboda ranar da wani ya manta. Na raba, yara suka ci. Nola ta riƙe nata tana kallon saman kabad.

"Naki sai an jima," na ce mata a hankali.

Lokacin abincin rana na ɗauki gwangwanin zuwa ɗakin malamai, don hannuna ya kasa kai shi kwandon shara. Malam Brandt mai koyar da wasanni ne ya fara buɗewa.

"Iye! Wa ya mutu ya bar mana gado?"

"Brandt, na nawa ke nan?" in ji Renata, sakatariyarmu.

"Na biyu."

"Na biyun hannun hagu dai. Kai da kake hana yara zaƙi, dubi tumbinka."

"Ai gwaji nake yi musu. Wani sai ya sadaukar da kansa."

Kafin a kaɗa ƙararrawa sun cinye. Ni ban iya cin ko ɗaya ba.

Da aka tashi, na tsaya a bakin layin motoci kamar kullum, ina sa kowane yaro a tasu. Mista Orval ya matso da tsohuwar a-kori-kurarsa, ya sauke gilashi. Ya sa riga mai guga, da alama don ranar ya sa ta.

"Malama, yaya? Ba a dai kai kowa asibiti ba ko?"

Na miƙa masa gwangwanin. "Ko ɓurɓushi ba a bari ba," na ce.

Ya bugi sitiyari yana dariya, ya juya ga Nola. "Kin ji ko, 'yar tsohuwa? Ke da kika ce zabibin ya yi yawa!"

Nola tana zaune kusa da shi. Ta dube ni, ta daɗe tana duban, sannan ta mayar da ido kan takalmanta. A hanyar gida na yi ta gaya wa kaina cewa ai ban yi ƙarya ba, gwangwanin babu komai a ciki. Duk yaron da ya kawo mini irin wannan hujjar a aji, da na zaunar da shi mun yi magana.

Litinin da Talata Nola ta yi aikinta tsaf, ba ta yi mini magana ba sai in na tambaye ta. Ranar Laraba da aka fita hutun wasa, ta ƙi fita. Ta zo ta tsaya a gefen tebur tana murza bakin rigarta.

"Malama, Kaka ya sayo babban buhun ots."

"To," na ce.

"Ya ce duk wata zai riƙa yi mana. Kullum sai ya tambaye ni wa ya fi ci. Na ce Desmond. Shi ne sunan da na tuna. Na ce ya ci uku."

Na ajiye jan biron da ke hannuna.

"Jiya ya ce me Desmond ya ce. Sai na ce ya ce akwai daɗi. Ni ban iya ƙarya sosai ba, Malama. Yau in ya tambaya me zan ce?"

Shawara ta zo nema, a wurin wadda ta ga ta iya. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, ko a gaban babba. Na ce mata yau ba za ta ce komai ba, ni zan yi magana. Ta gyaɗa kai, amma ba ta yi kama da wadda ta yarda ba.

Da yamma da motarsa ta iso, na roƙi Mista Orval ya ɗan gyara fakin a gefe. Ya fito yana share hannu a wando.

"Ta yi wani abu ne?"

"A'a. Ni ce na yi."

Na faɗa masa komai bi da bi, yadda nake koya wa yara su faɗi abu: dokar, da layin da na goge a wasiƙar, da kabad, da ɗakin malamai. Na faɗa masa abin da Nola ta ce a kan Desmond, da dalilin da ya sa Desmond ba zai taɓa cin ko ɗaya ba. Ya saurara bai katse ni ba. Kunnuwansa suka yi ja.

"Wato yaran ko gani ba su yi ba."

"Ba su gani ba."

"Malama, ni shekara talatin ina tuƙi. An sha mayar da ni da kaya daga bakin ƙofa saboda takarda ɗaya. Da kin ce mini doka ce, da na ce to, in kai wa maƙwabta." Ya waiwaya ya dubi motar. "Kwana biyar ina tsokanarta a kan tebur, tana ba ni labari. Ashe ita kaɗai take ɗauke da shi."

"Ka yi haƙuri, Mista Orval."

"Ba ni za ki ba ba."

Na zagaya ɗaya gefen. Gilashin a sauke yake, Nola ta ji duk abin da aka ce. Na rage tsawo har idona ya zo daidai da nata. Na ce mata biskit ɗinta ba su da laifin komai, wasiƙata ce ta yi kuskure. Na ce abin da na gaya wa kakanta ranar Juma'a ƙarya ce, ko da kalmomin gaskiya ne, kuma bai kamata in bar ta da ita ba.

"Na san inda suka tafi," ta ce. "Na ga Malam Brandt yana ci a baranda."

"Haka ne."

"Ya ce akwai daɗi?"

"Ya ci huɗu, a gabana."

Ta dube ni. "Da gaske huɗu, ko dai faɗa kike yi?"

"Da gaske. Ki tambayi Malama Renata, ita ta ƙirga."

"Zan tambaye ta," in ji Nola.

Mista Orval ya shiga ya tayar da mota. Bai ce mini sai gobe ba. Da suka fara tafiya na ji muryarta ta taga tana cewa, "Kaka, Desmond ɗin ma ban taɓa yi masa magana ba." Motar baya ta yi mini hon, na koma bakin layi na buɗe wa yaro na gaba ƙofa.

Washegari da safe na hango Nola a ƙofar ofis, jakarta a baya, tana jiran Renata ta gama waya.