Rigar Sanyin Baba Tanimu

Tun farkon marka Rifkatu take jinyar mahaifinta, Baba Tanimu, a wani asibiti a Ƙanƙara. Ɓarin jikinsa na dama ne ya shanye yana tsakiyar noma a gonarsa ta bayan Ketare. Yayanta Ishaya ya kawo su ya koma, don ciyawa ba ruwanta da mai ciwo, sai jinyar ta faɗo kanta ita kaɗai. Ita ce juya shi, ita ce ba shi kunu a cokali, ita ce wankin zannuwan da ruwan sama ba ya bari su bushe.

In ya samu barcin rana takan fito baranda ta zube a tabarma. Nan ta saba da Inna Fatsuma, wata dattijuwa daga Daudawa mai jinyar mijinta da ciwon suga ya ci wa ƙafa. Hannun Inna ba ya rabuwa da tsinken saƙa.

Baba Tanimu kuwa kullum kukansa sanyi, ga shi in an rufa masa bargo sai ya ture, wai nauyi. Rifkatu ta ce bari ta saƙa masa riga. Ta iya saƙa, amma iyakarta hular jarirai, zare kala ɗaya. Ta je sayen ulu mai ruwan toka, bai isa ba, mai shago ya cika mata da ja.

"To, sai ki haɗa su," in ji Inna. "Matso nan, ɗiyata. Ja a hannun hagu, toka a dama. Wanda ba ki aiki da shi, bar shi shi bi ta baya."

Faɗa ta fi aikatawa sauƙi. Zarurrukan suka dinga sarƙewa, yatsunta suka ƙage. Zuwa la'asar ta samu abin da bai fi faɗin yatsa uku ba, shi ma ya tsuke kamar bakin jaka. Inna ta juya bayansa ta duba.

"Kin ja zaren baya da yawa. Warware."

"Inna, yini guda fa na yi a kai."

"Na gani. Warware."

Ta warware. Ko ƙarfin jin haushi ba ta da shi. Kwanakin da suka biyo ma haka: ta kama layin saƙa sai a kira ta karɓo magani, ta dawo ta rasa inda ta tsaya. Wani lokacin barci ya ɗauke ta a zaune, tsinken na hannu.

Ran da adon ja da tokar ya fara fitowa sosai a saƙar ta kai wa mahaifinta. Ya shafa da hannun mai lafiya, ya daɗe yana kokawa da harshensa.

"Ja? Ni?"

"Shi aka samu, Baba."

Bai ture ba.

Da ƙafar mijin Inna ta ƙi, aka tura su Katsina. A gurguje aka kwashe kaya, Rifkatu na riƙe mata da kwanuka har bakin mota. Sai a nan ta tuna ba ta koyi yadda ake fitar da hannun riga ba, ta tambaya da sauri.

"In kin kai hammata ki nemi wadda ta iya," in ji Inna ta taga. "Allah shi ba Baba lafiya."

"Amin, Inna. Allah ya sa ku dace."

Ba a jima ba su ma likita ya sallame su. Ya ce abin da ya rage na gida ne, a dinga motsa masa hannu da ƙafa, a yi haƙuri. Ishaya ya zo da motar haya, suka kama tsohon suka sa shi a baya. Saƙar, wadda ko rabin ciki ba ta kai ba, Rifkatu ta cusa ta a leda tare da magunguna. Kafin su fita gari Baba Tanimu ya yi barci a kafaɗarta. Hannunta ya mutu tun a hanya, amma ba ta motsa ba har Ketare.