Ɗigo-ɗigon Ƙafar Alheri

Rifkatu tana yi wa 'yarta Alheri wanka da safe ta ga wasu ɗigo-ɗigo jajaye masu duhu a tafin ƙafarta, ƙanana kamar an sossoka da tsinin allura. Shekarar yarinyar huɗu, kuma tun jiya jikinta zafi rau.

Mijinta Ubale yana shirin fita sharar gona. Ya duƙa ya duba.

"Ƙurajen zafi ne, ki shafa mata hoda."

"Ƙurji yakan taso, maigida. Shafa ka ji, wannan sumul yake."

Ya shafa. Sai ya jingine manjagara ya tayar da babur.

A ɗakin shan magani na Sheme suka tarar da Malama Shafa'atu, ma'aikaciyar lafiya. Ta ɗauko kofin gilas ta danna a tafin ƙafar yarinyar, tana leƙawa ta cikinsa. Ɗigon bai dushe ba. Ta ɗaga rigar yarinyar, ga wasu a cikinta, har biyu sun haɗe sun kai faɗin ƙwayar wake.

"Mi ya same ta, Malama?" in ji Rifkatu.

"Wannan ba ƙurji ba ne. Ƙurji in ka danna shi yakan dushe. Jini ne ke tsattsafowa a ƙarƙashin fata. Likitoci na ce wa ƙananan fetikiya, in sun yi faɗi haka kuma fafura. Wani lokaci tari mai ƙarfi ma yakan kawo su. Amma ga zazzaɓi..."

Ta tallafo kan Alheri za ta sunkuyar da shi. Yarinyar ta ƙwalla ƙara.

"Sanƙarau nake tsoro. Asibitin Ƙanƙara za ku, yanzun nan."

Ta yi mata allura, ta rubuta sunayen ɗigon guda biyu da lokacin da aka gan su a takarda.

Rifkatu ta goya ta, Ubale ya ja babur. Kowane rami suka faɗa, sai ta kai hannu baya ta ji ko tana numfashi. A rabin hanya kukan ya tsaya.

"Ta yi shiru! Ubale, ta yi shiru!"

"Kira sunanta, kar ki bari!"

Haka ta yi ta kira har ƙofar asibiti. Likita ya karanta takardar, nan take aka sa mata ruwa da magani.

Rana ta uku Alheri ta buɗe ido ta ce kunu take so. Ubale ya fita nema ko takalmi bai sa ba.