Tantabarun da Aka Kai Ibohamane

Tantabarun Lantana arba'in ne kafin ciwo ya shigo Garhanga. Ranar da likitan dabbobi ya zo ɗibar jininsu, sha ɗaya suka rage. Ta daina kuka tun mutuwar ta ashirin. Da safe sai ta tsince waɗanda wuyansu ya murɗe, ta jefar bayan gari, ta dawo ta ɗora tukunya.

Likitan, Sufyanu, daga Keita aka aiko shi, mutum ne mai surutu kamar an biya shi. Lantana tana riƙe masa tsuntsu, shi yana buɗe fiffike, ya soka allura, ya ɗiga jinin a 'yar kwalba. Ya ce za a kai Yamai a duba. Har kurciyoyin da ke sauka shan ruwa ya sa aka kama masa biyu. Ita dai "to" kawai take cewa.

Abin da bai sani ba, Lantana ta riga ta yi dabarar da ta gada. In ciwo ya faɗa wa gida, ana kwashe masu lafiya a kai wa dangi a wani gari har iskar ta wuce. Kwana shida ke nan da ta zaɓi huɗu masu ƙwari ta kai wa ɗiyarta Rufaida a Ibohamane. Ta fige musu fiffike don kar su gudo gida. Can suke yawo a ƙasa, suna ci kasko ɗaya da kajin Rufaida. Kajin nan kuwa su ne cinta, su ne suturarta, tun da mijinta ya tafi ci-rani bai waiwayo ba.

Sufyanu yana wanke hannu ya ce, "Inna, wannan ciwo munafuki ne. Sai ki ga tsuntsu garau, alhali yana ɗauke da shi. Ya sha ruwa da kaji, shi ke nan, an gama da su. Babu dai wadda ta fita gidan nan ko?"

Lantana ta dubi kaskon ruwa. Ta nemi tsoro a ranta, ba ta samu komai ba.

Ta ce, "Huɗu."

Sufyanu ya bar wankin hannun. Ya ciro wayarsa. Ta faɗi lambar Rufaida, ya danna, ya miƙa mata.

Rufaida ta ɗauka da murnarta. "Inna, tantabarunki lafiya lau, har ɗaya ta fara jan karan sheƙa."

"Kajin fa?"

"Suna nan. Zakaran ne dai bai yi cara ba yau, yana ta buɗe baki kamar mai jin ƙishirwa. Zafi ne, ko Inna?"

Lantana ta riƙe wayar a kunne. Rufaida ta sake tambaya.