Gasar Edeltraud ta Ƙarshe

"Ortwin, buɗe idonka da kyau, ƙafarta rawa take yi!" in ji Edeltraud.

Ortwin ya gyara tabarau. Shi burodi kawai ya kawo wa maƙwabciyarsa, sai ga shi an naɗa shi alƙalin gasa a kicin. Tsofaffin mata biyu ne a tsaye, kowacce kan ƙafa ɗaya, hannuwa a ware, kofi yana hucewa a tebur.

Duk unguwarsu a Cottbus an san Edeltraud Kuschel. Zamanin Jamus ta Gabas 'yar wasan motsa jiki ce, mai alkafura a kan siririn katako. Ta je gasa Prag, ta je Mosko, amma kullum da lambar azurfa take dawowa, zinariyar kuwa Bärbel Noack ke yin gaba da ita. Shi ya sa da likita ya ce zuciyarta ta gaji, ba fasto ta nema ba, Bärbel ta buga wa waya.

"Ke ko a bakin kabari ba kya daina ƙorafi?" in ji Bärbel. "Dā ma bakinki ya fi ƙafarki aiki."

"Alƙalai kika riƙa yi wa fari da ido, shi ke nan gwanintar taki."

Ortwin ya ga leɓen Edeltraud ya soma canza launi. "Mata, don Allah a zauna haka."

"Alƙali ba ya magana!" suka daka masa tsawa tare.

Can sai Bärbel ta yi tangaɗi, ta dafa firji. Da gangan ne ko tsufa ne, Ortwin bai gane ba, bai kuma tambaya ba. Edeltraud ta sauke ƙafa a hankali kamar sarauniya, ta zube kan kujera tana haki tana dariya har da hawaye. Ranar yanka biyu na kek ɗin tuffa ta cinye.

Ba a rufa mako ba, Ortwin ya shigo da hantsi ya sami Edeltraud a kujerar bakin taga, rediyo na kiɗa, rai ya yi halinsa.

A maƙabarta, bayan jama'a sun watse, Bärbel ta miƙa wa Ortwin sandar da take dogarawa. Ta haɗe dugadugai, ta miƙe baya, ta ɗaga hannuwa biyu sama kamar yadda suke gaisuwa in an gama wasa. Ta daɗe a haka, iska tana kaɗa bakin mayafinta.