Sai Wanda Yake Wurin

Likita ya sa ranar da za a yi wa 'yarta aiki a ido, amma da sunan uban yarinyar aka buɗe katin asibiti, kuma sa hannunsa ake nema. Uwar ta gaya musu mijin nata ya rasu tun bara. Suka yi mata ta'aziyya, sannan suka ce ta kawo takardar shaidar rasuwa kafin ranar, in ba haka ba za a ba wani yaron gurbin, ita ta koma ƙarshen layi. Idon kuwa kullum ƙara rufewa yake.

Ofishin rajista ɗaki ɗaya ne a bayan gidan waya, da benci da fanka mai ƙara. Taga ɗaya ce ta haihuwa da mutuwa, don haka kusa da wani sabon uba ta zauna, yana ta nuna wa mutane hoton jariri a wayarsa. Da layi ya zo kanta, mai rajista ta gyara tabarau ta duba takardar likita.

"A asibiti ya rasu?"

"A gida. Ko da aka kai shi, rai ya riga ya yi halinsa."

"To wannan ba ta isa ba. Wanda ya rasu a gida, sai wanda yake wurin ya zo da kansa ya faɗa, ya sa hannu. Kina wurin?"

"Ina wurin aiki. Mahaifiyarsa ce kaɗai."

"Ita za ki kawo."

Nan gizo ke saƙa. Tun rasuwar, surukarta ba ta taɓa ba da labarin ranar ba, ko an ɗauko zancen sai ta tashi ta ce ta bar ruwa a wuta.

Ƙanin mijin ya ce abu mai sauƙi ne. "Matar yaya, ni in je in ce ina wurin. Wa ya sani?"

"Kai? Kai da ko kanti aka aike ka sai ka dawo da labari iri biyu? Su juya maka tambaya ka rikice, su rufe mini fayil."

Ta sami tsohuwar a ɗaki tana ninke wanki.

"Mama, gobe za ki raka ni ofis."

"Ni da gwiwar nan?"

"Zan kira mota har ƙofa. So suke ki gaya musu yadda ya rasu."

Hannun Mama ya tsaya a kan riga. "'Yar nan, ki nemi wani."

"Babu wani, Mama. Jikarki ba ta ganin allo da idon hagu. In ranar ta wuce, ban san yaushe za su ba mu wata ba."

Ba ta ƙara roƙo ba. Ta ɗauki rabin wankin ta taya ta ninkewa. Washegari da motar ta iso, Mama na zaune a bakin gado da takalmanta a ƙafa.

Mai rajista ta sa aka miƙo wa tsohuwar kujera. Ta tambayi suna, shekaru, sana'a, Mama na amsawa tiryan-tiryan.

"A ina ya rasu?"

"A ɗakina, kan doguwar kujera."

"Da ƙarfe nawa?"

Mama ta dubi fanka. "Ban sani ba. Ya zo gaishe ni, ya ci abincin rana, ya ce bari ya ɗan miƙe baya. Na lulluɓe shi da zane. Har rediyo na kashe don kada ya tashe shi. Sai da rana ta yi sanyi na taɓa ƙafarsa." Ta juyo ta dubi mai rajista. "Ina zaune kusa da shi ina tsintar shinkafa. To ina wurin ke nan, ko ba na wurin?"

Matar ba ta taɓa jin wannan ba. Ta ɗora hannu a kafaɗar surukarta, ta bar shi nan.

"Kina wurin, Mama," in ji mai rajista. "Da yawa haka suke zuwa mana. Zan rubuta da yamma, ba a san ainihin lokaci ba. An yarda da hakan."

"An yarda?"

"An yarda. Kawo babban yatsa."

Mama ta dangwala, ta tsaya tana kallon tawada a yatsanta, ta ce wannan kuma da wane sabulu za ta fita. Aka ce su jira mai hatimi, ya fita cin abinci. Suka koma benci.

Da takardar ta fito, matar ta karanta ta daga sama har ƙasa, ta sa a jakar leda, ta kira asibiti tun kafin su sauka daga matakala.

"Na samo shaidar. Gurbin yarinyar yana nan?"

"Yana nan. Ki kawo mana yau a sa a kati. Ranar aikin kuma kada ta ci komai da safe."