Iklima a Kan Sikelin Masara

Ba a raba ni da ɗiyata ba, wannan shi ne babban labari, kuma tun shekaranjiya bakina ya ƙi rufuwa. Amma wahalar da na sha kafin nan, sai na faɗe ta zan ji sanyi.

Sunanta Iklima, watanta takwas. Ita ce ta fari, don haka a baki ban faɗin sunan, a rubuce dai na samu dama. Muna zaune Jega Firchin da babanta. Ran Jumu'a uwar mijina, Inna Gudiya, ta zo daga Danwarai cin kasuwa, ta sauka gidanmu. Rashin sa'a ta iske ni ina amai bayan ɗaki. Da rana ta ga ina gyangyaɗi. Da la'asar ta kama ni ina tsotsar tsamiya. Shi ke nan, Inna ta haɗa uku ta fitar da amsa.

"Ciki gare ki," ta ce. "Nonon ya ɓaci. Dubi wuyan yarinyar nan, kamar na zakaran da anka fige. Danwarai za ni da ita in yaye ta."

Na ce, "Inna, wallahi zazzaɓi ne."

"Ni za ki hwaɗa ma zazzaɓi? Tara na haifa."

Na dubi baban Iklima, mijina Faruk. Shi kuma sai ya samu abin kallo a tayar babur ɗinsa. Da na matsa masa daga baya, cewa ya yi Inna ta fi mu sani. Abin haushi, ban da bakin cewa ina son ɗiyata kusa da ni. 'Yar fari ce. In na faɗi haka, kafin magariba duk Danwarai an ji matar Faruk ba ta da kunya.

Da safe na goya ta na hau kabu-kabu sai asibitin unguwa. Malama Atika, mai yi muna awo, ta gwada ni ta ce babu ciki, maleriya ce, ta ba ni magani. Na ce to a auna yarinya. Ta ce an tafi da sikelin jarirai rigakafi can wajen Maiyama, sai wani sati. Wani sati kuwa ɗiyata na Danwarai tana kuka da kokon kunu a gaba.

Malama ta ga idona ya kawo ruwa. Ta ce, "Watan jiya kilo bakwai da rabi ta yi, ko? Nemi kowane sikeli. Ki hau da ita, ki sauke ta ki hau ke kaɗai, ki ɗebe na biyu daga na farko. Abin da ya rage ita ce."

Ƙanen mijina Jelani yana da sikelin auna buhunan masara a bakin kasuwa. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, dariya har da riƙe ciki.

"Matata, in kin wuce buhu guda sai kin biya kuɗin dako."

"Kai dai duba, uban surutu."

Da goyo, sittin. Na miƙa masa ita na sake hawa, hamsin da biyu. Aji biyu na sakandare na tsaya, amma ɗebewa ban manta ba. Na duƙa na zana a ƙasa da tsinke, biyu ba ta fita cikin sifili, na aro ɗaya. Takwas. Na sake yi da yatsu, takwas. Ta ƙaru da rabin kilo, a nonon da anka ce ya ɓaci.

Ban san sa'ad da na iso gida ba. Tun daga zaure nake cewa, "Inna, takwas ce, takwas." Inna na tankaɗe, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Na zayyana mata komai, har da gwajin asibiti. Ta ce ita tsinken roba bai faɗa mata abin da idonta ya gani. Sannan ta ce,

"Kin cire majanyi?"

Ta ci gaba da tankaɗenta tana jero mini tambayoyi.

"Kin cire zanen goyo? Hula fa, da safa? Layun da na ɗaura mata? Ba ki ba ta nono kan hanya ba? Shi ma ki cire shi."

"Inna, laya nawa take a kilo?"

"Ki yi ta cirewa dai. In kin gama, abin da ya saura shi ne abin da na hwaɗa."

Kamar in faɗi ƙasa in yi birgima. Ni da na zo da murna, an mayar da ni mai ha'incin awo. Na shiga ɗaki na yi kukana, ina jin Inna na tambayar ina rigunan yarinyar suke ta haɗa. A nan na fito na durƙusa na ce, don Allah ta zo ta hau da kanta, ta riƙe jikarta yadda take so.

"Ni buhu ce?"

Ta faɗi haka, amma ta ɗauki mayafi. Inna ba ta son a ce ta ji tsoron abu.

A kasuwa ta tuɓe wa Iklima komai, har layun, ta bar ta da ɗan kamfai. Jelani ya riƙe hannun tsohuwarsa ta hau tana salati. Ita kaɗai, arba'in da takwas. Anka miƙa mata yarinya, hamsin da shida. Ta ƙi yarda da Jelani, ta ce bakinmu ɗaya, ta kira wani mai sayar da igiya ya duba ya ɗebe. Ya ce takwas. Inna ta ɗaga Iklima sama ta sauke, ta juya ta, kamar mai tayin kaza.

Ina jiran ta ce na yi gaskiya. Sai ta juyo ta ƙare mini kallo.

"Ke nawa kinka ce kin yi?"

"Hamsin da biyu."

"Da hijabi da takalmi? Mace mai shayarwa ta fi ni da huɗu kacal? Ashe ke ce ramammar. Ita ta tsotse ki, shi kuma wancan bai ciyar da ke."

Ta kuma fitar da sabuwar amsa ke nan, kuma wagga ba ta da ɗaukaka ƙara. Baban Iklima ya sha faɗan da bai taɓa sha ba, yana tsaye yana murza makullin babur. Hukunci shi ne ba yaye, amma mu biyu za ta tafi da mu Danwarai, sai na yi ƙiba.

Ga ni nan yanzu a ɗakin Inna, ana tsakiyar cirar albasa, ko'ina wari, ga fura ana ɗura mini safe da yamma kamar ragon layya. Na tambaye ta kilo nawa zan kai a sallame ni. Ta ce ita ba ta aiki da kilo, in na kai za ta gani. Iklima dai tana cinyata tana shan abinta.