Saura Yatsu Huɗu

"Ƙara danna shi, zai rufu," in ji mijina.

"Yallaɓai, ba zai rufu ba," dillalin da ya kawo motar ya amsa. "Tayar keken ce ta tokare gilashi."

Ina zaune a kujerar gaba, inda mijina ya ɗauko ni cak ya ajiye, ina kallonsu ta madubi suna kokawa da kekena na guragu a bakin but, wurin zuba kaya a bayan motar. Shekara uku ke nan da haɗarin da ya karɓe min ƙafafu. Tun a gadon asibiti yake min alkawari: "Gimbiya, zan sayi motar da za ta kai mu ko'ina, ni da ke."

Ga ta ta iso. Mai lantarki, fara sol, ba ƙara ba hayaƙi. Kujerar tana ɗumama bayana, har tausa take min. Wallahi sai da na ji ƙwalla don daɗi.

"Rufin ne suka kwantar ta baya don ta yanki iska," in ji dillalin yana share gumi. "Batir kuma ya cinye ƙasa. Ai na faɗa wa Yallaɓai ranar da ya zo da tef ya auna, saura yatsu huɗu. Na ce ya ɗauki mai tsayin, ya ce wai ta yi kama da motar kai yara makaranta."

Garejin ya yi tsit. Motar ma ba ta da injin da zai rufa masa asiri.

"Ka auna?" na tambaya.

"Gimbiya, saurara. Direba zai riƙa biyo mu da keken a tsohuwar motar. Ke dai ji laushin kujerar nan, kamar gajimare."

"Ni a mota ɗaya, ƙafafuna a wata?"

"Haba, yatsu huɗu ne fa kawai!"

Da mantawa ya yi, da na yafe kafin ya rufe baki. Amma ya tuna da ni, ya durƙusa ya auna, sannan ya miƙe ya zaɓi kyan rufi.

Na laluba allon gaban motar na kashe tausar.

"Malam, sauke min kekena, ka kawo shi nan bakin ƙofa," na ce wa dillalin. Na juyo ga mijina. "Kada ka taɓa ni, da kaina zan sauka. Ka more motarka lafiya. Ni dai ba zan sake shigarta ba."